Tsofaffin hotunan Disneyland: yaya ake gane shekarar da aka ɗauke su?

Mai_Kwali:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai kwalin tsofaffin hotunan hutu a hannuna, sun kai ɗari uku, an ce a wurin shaƙatawa na Disneyland ta Kalifoniya aka ɗauke su a tafiye-tafiye daban-daban. Wasu suna manne a albam mai leda, wasu silaid ne a cikin 'yan firam na kwali, kuma yawancinsu ba a rubuta komai a bayansu ba. Ana ganin bokitai rataye a waya da mutane a ciki suna shiga ramin wani dutse mai farin kai, da jirgin 'yan fashin teku, da wasu ƙananan taragu a kan gada. Na duba taswirar wurin ta yanzu, ko ɗaya ban gani ba. Ta yaya zan jera su bisa shekara? Sannan wasu sun fara yin ja, me ya kamata a yi musu?

Ɗan_Taswira:
Wa alaikumus salam. Malam, bar kallon mutanen da ke gaban hoton, duba abin da ke bayansu. Kowane abin hawa a wurin an san ranar da aka buɗe shi da ranar da aka cire shi, don haka kowanne yana ba ka iyaka biyu: ba a ɗauki hoton kafin shekara kaza ba, ba a kuma ɗauke shi bayan shekara kaza ba. In ka samu abu biyu ko uku a hoto ɗaya, sai tazarar ta matse.

Bokitan da ka gani su ne Skyway. An fara su a 1956, aka rufe a Nuwamba 1994. Dutsen kuwa Matterhorn ne, sai a 1959 aka gina shi, aka bar wa wayar rami biyu ta ratsa ta cikinsa. Ke nan bokiti ba tare da dutse ba, tsakanin 1956 da 1958 ne. Siffar bokitin ma tana magana: na farko zagayayye ne kamar garwa, a 1965 aka canza zuwa mai kusurwa huɗu. In kuma ka ga dutsen babu waya, an toshe ramukan, to ka wuce 1994.

Taragun kan gada PeopleMover ne, daga 1967 zuwa 1995. Su kansu taragun babu inji a jikinsu, tayoyin roba ne aka jera a kan hanyar suna juyawa suna tura su gaba, shi ya sa kamfanin Goodyear ya ɗauki nauyinsa a farko. A 1998 aka ɗora Rocket Rods mai gudu a kan wannan gadar, amma da yake ba a karkata kwanonin hanyar ba, dole motocin su rage gudu a kowace kwana, kayan suka riƙa lalacewa, a 2000 suka daina aiki. Gadar tana nan a tsaye, saboda haka ganin gada kaɗai ba hujja ba ce, sai ka ga abin da ke kanta.

Jirgin 'yan fashin teku kuma gidan abinci ne, yana tsaye cak a ɗan tafki a sashen Fantasyland tun 1955. A 1960 aka ƙara masa wani dutse mai siffar ƙoƙon kai da ruwa ke zubowa daga gare shi, aka rushe su duka a 1982 lokacin da ake sake fasalin sashen. Kada ka haɗa shi da Columbia, babban jirgin da ke yawo a kogi tun 1958, shi yana nan har gobe.

Sauran alamun da ke saurin yanke magana: gidan roba na Monsanto mai fukafukai huɗu, 1957 zuwa 1967, Flying Saucers da iska ke ɗagawa daga ƙasa, 1961 zuwa 1966, farin ginin Space Mountain, daga 1977, Big Thunder daga 1979, a filin da tsohon jirgin ma'adinai ya bari a 1977. Jiragen ƙarƙashin ruwa guda takwas sun fara a 1959 da launin toka kamar na soja, sai a tsakiyar shekarun 1980 aka shafa musu rawaya, aka rufe su a 1998 kafin a dawo da su a 2007. In ka ga ɗan littafin tikiti a hannun wani, mai haruffa A zuwa E, to kafin ƙarshen 1982 ne, kuma harafin E bai shigo ba sai 1959.

Ga misali. Bokiti mai kusurwa huɗu, PeopleMover a ƙarƙashinsa, jirgin 'yan fashi a gefe: ka samu 1967 zuwa 1982 ke nan ba tare da ka juya hoton ba.

Hajiya_Nagatif:
Ɗan_Taswira ya yi bayani mai kyau, amma akwai tarkon da bai ambata ba. Ka fara tabbatarwa duk a Kalifoniya aka ɗauke su. Iyalai da yawa suna zuba hotunan Kalifoniya da na Fulorida a kwali ɗaya su kira su duka Disneyland, alhali na Fulorida sai a Oktoba 1971 aka buɗe shi, kuma shekarunsa daban suke. Space Mountain na can ya riga na Kalifoniya da shekara biyu, a 1975 aka buɗe shi. Skyway ɗinsu ya kai 1999. PeopleMover ɗinsu yana aiki har yanzu. In ka auna hoton Fulorida da jadawalin Kalifoniya, ka ɓata lissafin gaba ɗaya.

Rarrabewar ba wuya. Duba fadar da ke tsakiyar wurin: ta Kalifoniya gajeriya ce, kusan mita 23, ta Fulorida kuwa ta haura mita 55, ba sa ma kama. Kuma babu Matterhorn a Fulorida sam.

Sai shi kansa hoton. Silaid ɗin Kodak daga ƙarshen shekarun 1950 yawanci akwai wata da shekara a buge a jikin firam ɗin kwalin, tare da lambar jeri. Amma fa ranar wanki ce, ba ranar ɗauka ba. Fim yana iya kwana wata shida a cikin kyamara, don haka hatimin Janairu na iya zama hutun bazarar bara. Lambar jerin ta fi amfani, domin ita ce za ta nuna maka wane hoto ya biyo wane. Hoto mai murabba'i kusan santimita 9 galibi daga kyamarar Instamatic yake, wadda ta fito a 1963, duk da cewa tsofaffin kyamarori ma suna ba da murabba'i. Fim ɗin 110 ya zo a 1972, za ka gane shi da tsakin da ke cikin hoton. Jan kwanan watan nan da ke kusurwar hotunan shekarun 1980 da 1990, kada ka yarda da shi sai da shaida ta biyu: da an cire batir agogon kyamarar yake komawa farko, kuma mutane ƙalilan ne ke gyarawa.

Mai_Sikana:
Batun ja da ka tambaya. Hoton kala rini uku gare shi a jere, kuma ba tare suke koɗewa ba. Mai shuɗi-shuɗin nan shi ke fara tafiya, sai a bar ja da ruwan lemo kawai, abin da kake gani ke nan a hotunan shekarun 1970 da tsohon fim ɗin silaid na Ektachrome. Fim ɗin silaid na Kodachrome shi halinsa daban: a duhu yana riƙe kalarsa shekaru da dama, amma hasken majigi yana cin sa da sauri. Kada ka riƙa haska su don nishaɗi kafin ka kwafe su. Rinin da ya tafi ba ya dawowa a takarda, a kwamfuta kawai ake gyarawa.

Albam mai gam da leda shi ne babban abokin gaba. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane shafi da waya, don tsarin da aka jera su shi ma shaida ne. Sannan ka sa zaren sakacen haƙori marar kakin zuma a ƙarƙashin kusurwa, ka riƙa ja hagu da dama a kwance, a hankali. Wanda ya ƙi fitowa, bar shi, ka kwafe shi a kan shafin. In ka finciko shi, bayan takardar zai tsaya a gam ko fuskar ta tsage.

Wajen kwafa da sikana, hoton takarda 600 dpi (yawan ɗigo a kowane inci) ya isa, na santimita 10 da 15 zai ba ka ɗigo 2400 da 3600, ƙari a kan haka nauyi ne kawai. Silaid mai milimita 35 yana son 3200 zuwa 4000 dpi, kuma a 4000 kowane fayil ɗin hoto samfurin TIFF mai zurfin kala zai wuce megabait 100, sai ka tanadi wuri. Hure ƙura da 'yar robar hura iska, kada ka goge da riga ko ka hura da baki. Tsarin share ƙura na Digital ICE da ke cikin wasu sikanoni yana aiki da kyau a kan yawancin fim ɗin kala, amma yana ɓata gefunan abubuwa a Kodachrome, kuma ba ya aiki a fim ɗin fari da baƙi mai azurfa, to a kashe shi. Ka kuma duba rubutun alluna: in sun fito a juye, ka kifa silaid ɗin ne, kuma hakan zai sa ka ga dutsen a ɓangaren da ba nasa ba.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a yanke gefen hoto don a cika fuska. A gefen nan ne bokitin ko allon da zai ba ka shekara yake. Ajiye fayil na asali yadda ya fito, ka yi gyaran kala a kan kwafi.

Mai_Kwali:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Wasu silaid ɗin akwai farin abu kamar saƙar gizo a kansu, sannan kwalin yana ɗan tsami in an buɗe. Shi ma ƙura ce?

Mai_Sikana:
A'a, fumfuna ce, danshi ya kawo ta, kuma tana cin fatar hoton da kanta. Ware su daga sauran yau ɗin nan, ka kwafe su kafin komai. Kada ka sa musu ruwa, domin fatar da fumfuna ta ci narkewa take yi. Tsamin kuwa, in kamar na binega ne, jikin fim ɗin ne ya fara ruɓewa yana fitar da asid, yana kuma harbin na kusa da shi. Ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu da sanyi da bushewa.

Cire su daga wannan kwalin, ka sa su a leda ta polifurofilin ko poliyesta, ban da PVC mai warin roba. Wuri mai duhu da sanyi, danshin iska tsakanin kashi 30 da 40 cikin ɗari, nesa da rufin ɗaki da bangon banɗaki. Shekarar da ka gano, rubuta ta da fensir mai taushi a jikin kwalin silaid ko a kan ledar, ba da biro ba, kuma ka rubuta dalilin tare da ita, misali "1967 zuwa 1982, bokiti mai kusurwa, jirgin 'yan fashi".