Hali da Mulki: Musayar Waƙa kan Shugabannin Amurka

Bazazzagi:
Assalamu alaikum. Ga baitocina kan Nikson, shugaban da ya ajiye mulki ranar 9 ga Agusta 1974. Mai amsa ya amso.

Da sunan Ilahi nake farawa,
Shi ke naɗi kuma Shi ke tuɓewa.

Na ce hali dai zanen dutse ne,
Kujerar mulki ba ta gogewa.

Ku dubi Nikson, gwanin lissafi,
Ya je ƙasar Sin ana jinjinawa.

A zaɓen 1972 ya yi zarra,
Jihohi 49 ya kai ga lashewa.

To me ya kai 'yan korensa Wotaget,
Ofishin adawa suke fasawa?

Mutum biyar aka kama da dare,
Da na'urorin sauraro na dasawa.

Zato da zargi suka cinye shi,
Kowa a gunsa mai shirin cutarwa.

Har jerin sunan maƙiya aka tsara,
'Yan jarida a ciki, ana ƙarawa.

Ya sa rikoda a ofis nasa,
Duk wata hira tana naɗewa.

Kotun Ƙoli ta ce a miƙo kaset,
Aka ji shi yana kitsa rufewa.

Muryarsa da kansa ita ta kada shi,
Ya sauka gabanin a kai ga tsigewa.

Bakatsiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ga tawa kan Jonson, wanda ya gaji Kenedi a 1963. Dokokin da zan ambata na 1964 da 1965 ne.

Sannu Malam, baiti ya tsaru,
Kan Nikson hujjojinka sun taru,
Sai dai ga Jonson abin da ya faru,
Bai shiga awon da ka yi ba.

Yana saurayi ya riƙe malanta,
Garin Kotula, ƙaramar makaranta,
Yunwar 'ya'yan 'yan Meziko bai manta,
Har fada bai bar tuna su ba.

Da ya hau mulki sai ya matsa,
Ya kai sanata lungu ya ritsa,
Da roƙo da tsawa yake ta latsa,
Ba ya sakin sa in bai amsa ba.

Haka dokar 'yanci ta tabbata,
Otal, gidan abinci, ma'aikata,
An hana korar mai baƙar fata,
Da sanyin hali da ba ta wuce ba.

Shekara ta zago sai ya ƙara,
Dokar ƙuri'a ita ya tsara,
Baƙaƙen Kudu a nan suka fara
Zaɓen da iyayensu ba su yi ba.

Nacin nan dai shi ne ya ja shi,
Yaƙin Biyetnam ya rinjaye shi,
Tsoron a ce an taɓa kada shi,
Bai bar shi ya ja da baya ba.

Soja dubu 500 da ɗoriya,
Gawa na komowa kullum safiya,
A Maris 1968 ya gaya wa duniya,
Ba zai sake neman kujerar ba.

Abin da nake nufi, Malam, halin da ya yi masa rana shi ya yi masa dare. Ina za mu ajiye shi, cikin nagari ko cikin miyagu?

Ɗan Damagaram:
Hajiya, Allah ya ƙara basira. Ni abin da ke ci mini rai Jimi Kata ne.

Ku ba ni dama in sa baki,
Kan manomin gyaɗa daga Jojiya.

Ya tsaya gaban jama'ar Amurka,
Ya ce har abada ba zai musu ƙarya.

Kwana 13 a dajin Kam Debid,
Sadat da Begin ya zaunar waje ɗaya.

Masar da Isra'ila suka sa hannu,
Har yau sulhun bai koma baya.

Sai ga layin fetur ya miƙe,
Farashi ya hau, rayuwa ta yi wuya.

Amurkawa 52 a hannun Iran,
Kwana 444, an rasa hanya.

Zaɓen 1980 ya zo ya wuce,
Jihohi 6 kawai suka mara baya.

Nikson mai ƙarya ya ci zaɓe biyu,
Zango guda aka bai wa mai gaskiya.

To ku faɗa mini, manyan gida,
Me kirki ya tsinana masa a duniya?

Tsohon Ma'aikacin Lafiya:
Ƙanena, wannan tambaya tawa ce, bar ni da ita.

Kai ka auna shi da ƙuri'a,
Ni na auna shi a bakin tafki.

Na yi aikin lafiya a karkara,
Na ga kurkunu na fita daga jiki.

Ƙafa ta kumbura, ƙurji ya fashe,
Farar tsutsa ta leƙo daga ciki.

A naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan,
Makonni ana yi, ba wani sauƙi.

Damina ta sauka, magidanci na kwance,
Ciyawa ta ci gona, ba mai aiki.

Babu allura, babu ƙwayar sha,
Sai ƙyallen tace ruwa a ɗaki.

Mutum miliyan 3 da rabi a 1986,
Cibiyar Kata ta kawo ɗauki.

Janar Gowon ya bi ƙauye-ƙauye,
Yana roƙon jama'a baki da baki.

A 2013 Najeriya da Nijar suka rabu da ita,
Gana a 2015 ta yi nata biki.

Wanda zai bi tsutsa shekara da shekaru,
Shi zai bi yarjejeniya daki-daki.

Haƙurin da ya zaunar da Sadat da Begin,
Shi ne wannan, ba abin mamaki.

Na yarda a fada ya cika bin ƙananan abu,
Bai iya lallashin 'yan majalisa kan aiki.

Jama'a na son mai ƙarfafa gwiwa,
Rigan ya iya, ya karɓe mulki.

Amma ni da na riƙe ƙafar yaro yana kuka,
Ba zan ce ya yi asarar kirki.

Kata ya rasu a Disamba 2024 yana da shekara 100. Har ƙarshen rayuwarsa yana tambayar mutum nawa suka rage da cutar.

Bazazzagi:
Baba, mun gode, ka cika mana ido da hawaye. Hajiya, na karɓi gyaranki kan Jonson. Ga wanda nake ganin ya fi su tsayuwa.

Turuman bai da digirin jami'a,
Shagon tufa ma ya karye masa.

Amma ya kafa allo a tebur,
Cewa alhaki na ƙarewa a kansa.

A 1948 ya soke wariyar soja,
'Yan Kudu na jam'iyya suka bar gefensa.

Babban janar na yaƙin Koriya,
Ya ƙi bin umarni, ya ɗauke shi wasa.

A 1951 ya tuɓe shi nan take,
Ya sha zagi daga ko'ina a ƙasa.

Ɗan Damagaram:
Baba, na sunkuya, kan Kata ka fi ni hujja. Amma Yaya Bazazzagi, kan Turuman ba zan bi ka ba.

Tsayuwar da kake yabo, Yaya,
Ita ta sauka a kan Hiroshima.

Ranar 6 ga Agusta 1945,
Bam ɗaya tak aka sako daga sama.

Kwana 3 aka ƙara da Nagasaki,
Ba a jira an kwashe gawa an gama.

Rai fiye da dubu 100 ya salwanta,
Waɗanda suka tsira da ciwo suke fama.

'Yan makaranta na hanyar aji,
Mata na girki, tsofaffi na zama.

Masu kare shi sun ce ya gajarta yaƙi,
Ni na ce yara ba su ɗauki makami ba ma.

Ya ce shi ya yanke, ya ɗau alhaki,
Bai taɓa fitowa ya ce ya yi nadama.

Hajiya, ke kika iya raba gardama. Wanne gefe kike?