Dutsen da ba kowa a kansa: zan iya hawa ni kaɗai?

Matafiyi_Shiru: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan tafi hutu wata mai zuwa, kuma kusa da masaukina akwai wani dutse da ko a taswira sai ka zuba ido kafin ka ga sunansa. Ƙololuwarsa ba ta kai mita 2,000 ba. Daga gindi tafiyar kilomita 6 ce, hawan kuma kamar mita 900. Rashin mutanen ne ya ja ni, na gaji da wuraren da sai ka bi layi kafin ka ɗauki hoto. Zan iya hawa ni kaɗai in sauko kafin magariba?

Mai_Sanda: Wa alaikumus salam. Akwai lissafin Naismith, wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan da ya kawo shi a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Naka, hawan kaɗai ban da saukowa, ya kusa awa uku ke nan. Amma lissafin na ƙaƙƙarfa ne wanda ba ya tsayawa shan iska, don haka ka ɗauka awa huɗu.

Yaya_Hanne: Ƙanena, tsayin bai dame ni ba, ciwon tsauni, wato ciwon kai da jiri saboda ƙarancin iska a can sama, yakan fara ne daga wajen mita 2,500. Shirun da kake nema shi ne abin tsoron. Dutsen da ba a yawan hawa, ciyawa ta cinye hanyarsa, sai ka bi wata siririyar turba da murna, ashe ta awaki ce, ta kai ka bakin gangare ta ɓace. A duk mararraba ka juya ka kalli inda ka fito, ka riƙe wata alama, ko itace mai karkata ko tsagaggen dutse, don hanya tana canja kama in kana saukowa. Saukowar ce ma ta fi wuya: gwiwa na rawa, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalmi, ga gajiya. In ka gurɗe ƙafa a can, wa zai ji ihunka? Ni da zan ba ka shawara, nemi ɗan wurin ya raka ka. Yawancinsu ba su da surutu, shirunka na nan.

Mai_Sanda: Ka kuma sa rigar sanyi a jaka. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000, ga iska, ga zufa ta jiƙa ka.

Matafiyi_Shiru: Na gode. Yaya, in ban samu ɗan rakiya ba fa?

Yaya_Hanne: To ka fita da asuba, ka sauke taswira a waya tun kana da sabis, ka gaya wa mai masauki hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka. Ƙarfe ɗaya na yi, ko hazo ya fara rufowa, ka juyo, ko da kana hango ƙololuwar.