Dashen gashi: yaya zan rufe kaina daga Yamai zuwa Maradi?

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 6 ke nan da aka yi min dashen gashi a Istanbul, na sauka Yamai jiya ina gidan yayana, jibi nake son shiga kar (babbar motar fasinja) zuwa Maradi, kuma kun san hanyar nan, wajen kilomita 660 ce, wuni guda mutum yana zaune ga ƙurar hunturu ga rana.

Kumburin da ya sauko min goshi har ido a kwana na 3 ya ragu, ina kwana da filo biyu kai a sama yadda aka ce. Matsalar ɓawon da ya fito a gaban kai ne, ga ƙaiƙayi a ƙeya inda aka ciro gashin kamar in yi kuka. Hular da suka ba ni a asibitin na manta ta a otel. Jiya na gwada zanna-bukar don zuwa masallaci, da na zo cirewa ta manne da ɓawon, wuri ɗaya ya ɗan yi jini, na ga wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da gashi a jiki, wallahi gabana ya faɗi. Na sayo serom (ruwan gishirin wanke ciwo) a farmasi ina fesawa, rawani kuma ina tsoro ya goge wurin. Na aika wa tafintansu hoto a WhatsApp tun safe shiru.

Wanda ya taɓa yi, da me zan rufe kan cikin kar wanda ba zai taɓa dashen ba? Na gode.