Ɗana ne ke cin zarafin yarinya a guruf, ina zan sa kaina?

Assalamu alaikum 'yan uwa, a sakaya sunana. Ɗana shekararsa 15, ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba. Jiya na ɗauki wayarsa, sai na faɗa guruf ɗin 'yan ajinsu na WhatsApp. Ashe shi ya mayar da hoton wata yarinya sitika, ana ta yi mata dariya kan ƙibarta. Da na titsiye shi ya ce, "Umma, wasa ne fa, kowa ma na yi." Babansa ya ce a fasa wayar. Ni dai abin da ya hana ni barci, me ya shiga zuciyar yaron nan?

Baban Sadik: Hajiya, a ƙwace wayar a zane shi, magana ta ƙare.

Malama Hauwa: Baban Sadik, zai ari ta abokinsa ne kawai. 'Yar uwa, ni malamar sakandare ce, irin salihan nan su na fi kamawa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Suler, ya yi bayanin wannan tun 2004: idan mutum ba ya ganin fuskar wanda yake yi wa magana, kunya da tausayi sukan ragu. Da a gabansa ta fashe da kuka, da jikinsa ya yi sanyi. A waya kuwa alamun dariya kaɗai yake gani, kowace ɗaya tana ƙara zuga shi. Yaron da ba a kula shi a aji, yau ga mutum talatin na yaba masa. Sannan ɓangaren ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ba uzuri nake ba shi ba. Ya goge sitikar, ya ba ta haƙuri a cikin guruf ɗin, inda ya tozarta ta.

Anti Rabi: Ki lallaɓa ki tambaye shi ko an taɓa yi masa. Sau da yawa mai yi ramuwa yake, a kan wanda ya fi shi rauni.

Abu Hanan: Ki kuma nuna masa akwai dokar laifukan intanet ta 2015 a Najeriya, barazana ta waya na iya kai mutum kotu.

Mai tambaya: Anti Rabi, kin canka. Ya ce tun shekarar da ya shiga makarantar suke kwaikwayon in'inarsa, sai da ya fara tsokanar yarinyar suka ƙyale shi. Gobe in sha Allahu zan je wurin mahaifiyarta, tare da shi.