Kilina ya daina yarda a taɓa masa kunne

Mai Kili, Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Dokin nan nawa, Kili, shekararsa 4, tun da na dawo da shi daga gonar ƙanena a bakin kogin Offin ya sauya hali. Da ko ƙaramin yaro yana sa masa linzami. Yanzu hannu na dosar kunnensa na dama sai ya fizge kai sama, shekaranjiya har ragama ya tsinke. Yaron barga ya ce taurin kai ne, ya murɗe masa kunnen don ya tsaya, abin ya ƙara lalacewa. Ga salla saura mako 3, da shi nake son raka sarkin zango idi.

Baba na Asawase: Wa'alaikumus salam. Ɗana, kafin komai ka hana yaron nan murɗa kunne. Dokin da ya saba da hannu ba ya juyewa dare ɗaya sai da dalili, kuma tun da kunne guda yake karewa, to ciwon yana nan. Ka je da asuba yana cin dusa, ka tsaya ta kafaɗarsa, ka haska da fitilar waya ba tare da ka taɓa ba. Ka duba kaska, ka duba ɓawon jini, ka sansana ko akwai wari.

Ɗan Sawaba: Kaska ce. Ni maganin wankan shanu nake tsarmawa in ɗiga, wanda ke yin fari kamar nono in ya ji ruwa.

Malamar dabbobi, Tafo: Yayana, don Allah ka daina, kuma kada kowa ya gwada. Da yawa daga cikin magungunan wankan shanun nan sinadarin amitraz ne a ciki, a karanta jikin kwalbar. Shanu na ɗaukarsa, doki ba ya ɗauka: hanjinsa yake tsayarwa, kashi ya toshe, ciwon ciki ya biyo baya, wani lokaci har a rasa dokin. Haka kananzir da baƙin mai, ƙona fatar kunne kawai suke yi.

Alhaji mai Kili, maganar bakin kogi ce ta tsaya mini a rai. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu hayayyafa a ruwa mai gudu, dangin waɗanda ke jawo wa mutane makantar kogi, cikin kunnen doki suke so, safe da yamma. Cizonsu kaɗai ya isa ya bar kunne da ɓawo da zafi. Sannan suna yaɗa ƙwayar cutar da ke fito da wani farin tabo mai kaushi a cikin kunnen, kamar an manna busasshen koko. In ka gan shi kada ka kankare. Mutane da yawa a nan suke ɓata doki, tabon da ba ya damunsa sosai su mayar da shi gyambo, daga nan ya tsani hannu.

Ɗan Sawaba: Wallahi ban sani ba, Malama. Na gode. Allah ya tsare ban yi asara ba.

Kawu mai Akawal, Nima: Ni daga Ankara nake binku. A duba baki ma. Dokina Akawal haka ya yi ta kaɗa kai, muna ta bin kunne wata biyu, ashe turamen haƙoransa ne suka yi kaifi suna yanka masa kumatu. Da aka goge da magagari ya huce. Naka kuma a shekara 4 bai gama famfara ba, sai wajen 4 da rabi. Akwai wani ɗan mitsitsin haƙori a gaban turamen sama da ƙarfen linzami ke buga, ga linzaminmu na gargajiya da nauyi. Ka lura: in da ragama yana lafiya, sai ya ga linzami yake tayar da hankali, to baki ne.

Mai Kili, Aboabo: Kawu, har da ragamar yake ƙi. Na haska yau kamar yadda Baba ya ce. Akwai farin tabon, kuma can ciki na hango wani abu baƙi.

Malamar dabbobi, Tafo: To a kira likita, kada ka zura tsinke ko auduga. Ramin kunnen doki dogo ne kuma a lanƙwashe yake, ba a ganin ƙarshensa sai an yi masa allurar kwantarwa an leƙa da abin haska kunne. Ofishin likitocin dabbobi na gwamnati za su iya, ko ka tuntuɓi makarantar likitancin dabbobi ta jami'ar KNUST a unguwar Tek. Abin da ba ya jiran gobe shi ne in ya karkatar da kai gefe guda, ko kunnen ya langaɓe, leɓe ya saki, ido ya kasa rufuwa, ko yana tangaɗi. Wannan ya wuce fata, ya kai can ciki inda jijiyar fuska take.

Baba na Asawase: Kafin ya warke, ka kwance maɗaurin kumatu, ka zagayo da igiyar ta bayan ƙeya sannan ka ɗaure, kada komai ya bi ta kan kunnen. Kullum safe da yamma ka ɗora hannu a wuyansa, ka hau cikin geza kaɗan-kaɗan, ka janye tun bai fizge ba. Minti 5 ya isa. Kai da kanka, ban da yaron. Idi kuwa, in bai shirya ba ka ari goɗiyata, ta saba da ganga da taro.

Mai Kili, Aboabo: Jama'a, likita ya zo jiya. Kaska 3 ya zaro, ɗaya ta ƙoshi kamar ƙwayar gurjiya. Ya wanke, ya ba da man shafawa, ya ce a bar farin tabon yadda yake, a dai kare shi daga ƙuda. Ya duba baki, ya ce bayan salla zai goge haƙoran. Da safen nan na kai hannu har gindin kunnen hagu bai motsa ba, na dama dai da saura. Baba, na karɓi goɗiyar, Allah ya ƙara girma. Ina zan samu hular raga mai rufe kunne a Kumasi?

Kawu mai Akawal, Nima: Tela zai ɗinka maka da raga mai laushi wadda ba a jiƙa da magani ba. Ka auna a kunnen hagu, ka ce ya ƙara faɗin yatsa biyu, ɗinkin kuma ya kasance ta waje.