Tumatirin farko: yaushe za a cire?

A tsakanin masu noman tumatir, inda aka fi ja-in-ja shi ne lokacin cira. Wasu na cewa a bar shi ya yi ja wur a jikin uwarsa, amma masu daɗewa a harkar sun fi yawa a ɗaya ɓangaren: da zarar gindinsa ya fara sauya launi, a cire. Zai ƙarasa nuna a ɗaki, kuma an riga tsuntsaye. Ni ma nan na karkata, don na sha tarar da wanda nake ta jira an huda masa ciki da sassafe.

Ga wata hujja: idan zafi ya haura digiri 30, jan launin ba ya fitowa sosai, sai ya tsaya ruwan lemo.

Kada a fizga. Akwai 'yar gaɓa sama da hancinsa, a danna ta da babban yatsa, sai ya ɓalle. A ajiye a inuwa, hancin yana ƙasa, ban da firij, sanyi na kashe masa ɗanɗano. Mai gaggawar ya nuna ya haɗa shi da ayaba cikin jakar takarda.

Wanda ya tsage kuwa, ruwa ne ya yi masa yawa bayan ƙishi. A fara cinye shi.