Me za mu kira "runtime" da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu Hausa da masu kwamfuta a kan kalma ɗaya da ta hana ni sakat tun makon jiya.

Maƙwabcina yana koyar da yara darasin yamma a zaurensa. Ya kawo mini wata tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel ta Pentium III, irin wadda farin akwatinta ya koma ruwan ƙwai don daɗewa, ya ce in tayar da ita yara su koyi rubuta manhaja. Na hure ƙurar, na sauya ƙaramin batirin da ke riƙe agogo, na sa mata Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Python, wani harshen rubuta manhaja, ya tashi lafiya lau. Da na zo kan Node.js, wanda ke tafiyar da manhajojin harshen JavaScript, ko numfashi bai yi ba, allo ya rubuto "Illegal instruction", wato umarnin da na'ura ba ta gane ba, ya tsaya. Wata yarinya da ke leƙe ta bayan kafaɗata ta ce, "Malam, JavaScript ɗin ne ya lalace?"

Na ce mata harshen lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ƙi shi ne... sai bakina ya mutu, don ban da kalmar.

Ga abin da ya faru. Injin V8 da ke cikin Node.js yana ba ƙwaƙwalwar kwamfuta wasu umarni da ake kira SSE2, waɗanda Intel ta fara sakawa a Pentium 4 a shekarar 2000. Pentium III na 1999 ne, bai san su ba. Wannan injin da tarkacen da ke tare da shi su ne "runtime". Shi ke karɓar manhajar da ka rubuta, ya yanka mata wuri a ma'adana, ya fassara maganarta zuwa umarnin na'ura, ya kwashe abin da ta gama amfani da shi, ya kuma tare ta idan ta yi kuskure.

Na ga ana rubuta "lokacin gudu" a wasu fassarorin na'ura. Wallahi ba zan iya gaya wa yarinya cewa lokacin gudu ne ya ƙi shiga kwamfuta ba. Me kuke gani?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara raba kalmar gida biyu, don a Turancin ma abu biyu take nufi. Akwai lokaci, wato sa'ad da manhaja ke cikin aiki. Wannan ba ya buƙatar sabuwar kalma. Ka ce "kuskuren ya fito ana cikin aiki", kowa ya gane. Na biyun shi ne abin da ka bayyana, kuma wannan ba lokaci ba ne, abu ne da ake saukewa a saka a kwamfuta. Duk sunan da ya fara da "lokacin" ya riga ya ɓace hanya. Tunda ka ce yana fassara, me ya hana "tafinta"?

Mai tambaya: Na gode, Malama. Raba ta biyun nan ya rage mini rabin nauyi. Amma tafinta tana da mai ita. Akwai ɓangaren da aikinsa ke nan kawai, ya karanta layi ya aiwatar, kuma shi ya fi cancantar sunan. Ga shi kuma harshen Go ba shi da tafinta sam, ana juya manhajar gaba ɗaya zuwa umarnin na'ura tun kafin ta tashi, amma duk da haka yana da "runtime" a cushe cikin kowace manhaja, yana rabon aiki yana shara.

Ɗalibi daga Maraɗi: Mu nan da Faransanci muka koye shi, kuma sunan da suke ba shi idan aka juya shi Hausa zai zama "muhallin zartarwa". Ina ganin ya fi na Turancin gaskiya, tunda ya nuna wuri ne.

Malamar Hausa: Ma'anar ta yi, ɗana, amma ka faɗe ta da ƙarfi ka ji. Zartarwa ta majalisa ce, muhalli kuma na ma'aikata ne. Yaro zai zaci labaran ƙarfe bakwai ake karantawa. Sai dai ka kawo mu kusa, wuri ne da ake karɓar wani abu a kula da shi.

Mai gyaran kwamfuta: Ku bar ni in sa baki, ni ba malami ba ne, hannuna ne ya saba da cikin na'ura. Kakana fatake yake saukewa. Baƙo ya zo da kaya daga nesa, bai san gari ba, wani lokacin ko harshen garin ba ya ji. Mai masauki zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya sa a share, ya tsaya masa a kasuwa, idan rigima ta tashi shi ake nema. Duk abin da Malam ya lissafa a sama na ga kakana yana yi. Ni "masauki" zan ce.

Mai tambaya: Yaya, tsaya in gwada ta a kan aikin gaske, don kalma ba ta zama sai ta ɗauki kaya.

Matsalar tsoffin ƙirar kwamfuta ita ce manhaja baƙuwa ce mai yawo, rubutu ɗaya ne ko'ina, amma masaukin dole a gina shi daidai da ƙasar garin. Ga misali. Motorola 68000 ta fito a 1979, ita ce a cikin Macintosh na 1984 da Amiga da Atari ST. Zuriyarta da ake kira m68k har yau akwai masu sa kai da ke riƙe da Debian, wani nau'in Linux, a kanta. Idan wannan ƙira za ta ajiye lamba 1 a gurbi huɗu, tana rubuta 00 00 00 01. Ƙirar Intel kuwa 01 00 00 00 take rubutawa. Wanda ya gina masauki da tunanin kowa Intel ne, ya ɗauko abin da aka ajiye ta waccan hanya ya karanta ta tasa, 1 ɗin nan zai zame masa 16,777,216. Babu ƙara, babu gargaɗi, lissafi kawai zai karkace.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Masu gina masauki da yawa sun ɗauka adireshin kowane kaya a ma'adana yana rabuwa da 4, saboda haka ƙananan gurabu biyu na ƙarshen adireshin kullum sifili ne, sai su riƙa ɓoye 'yar alama a wurin. A Linux na m68k kuwa ana iya ajiye kaya a adireshin da 2 kawai ke raba shi. Ka ga mai masauki ya saba lambar ɗakunansa 4, 8, 12, yana rubutu a gefen lambar, rana ɗaya aka ba shi ɗaki mai lamba 6. Zai buɗe ƙofar da ba ita ba.

Kalmar ta ɗauki wannan duka ba ta gaji ba. Ta ma sa bayanin ya fi sauƙi a bakina fiye da yadda yake da Turanci.

Ɗalibi daga Maraɗi: To amma Malam, "host" fa? A harkar intanet ana kiran kwamfutar da ke ɗauke da shafi da wannan suna, kuma na ji ana cewa mai masauki. Ba za su yi karo ba?

Mai tambaya: Wannan ita ce tambayar da na ji tsoro, kuma gaskiyarka. Na yi tunanin "fatoma" don kauce wa karon, tunda shi ne ainihin mai saukar fatake, amma yaran da nake magana da su ba su taɓa jin ta ba, sai in koma bayanin kalma biyu maimakon ɗaya. Abin da na gani shi ne ba za mu bar ta tsirara ba. Kullum ta zo da sunan harshen: masaukin Java, masaukin Python, masaukin Go. A dunƙule kuma "masaukin manhaja". Waccan ta intanet a bar mata "mai masaukin shafi". Bahaushe bai taɓa rikita masaukin alhazai da masaukin baƙin biki ba.

Malamar Hausa: Haka ne. Kuma jam'inta a shirye yake, masaukai. To aikin mayar da shi wata ƙirar fa, me kuke ce masa?

Mai tambaya: Suna cewa "porting". Ni dai "dashe" nake so. Irin ɗaya ne, albasa ba ta zama tumatir, ƙasar ce ta sauya, kuma ko ya kama ko bai kama ba. Likitoci ma sun riga sun ɗauke ta a dashen ƙoda, jiki ya karɓa ko ya ƙi.

Mai gyaran kwamfuta: Masauki ana gina shi, ba a dasa shi, Malam.

Mai tambaya: Na yarda hoton biyu ba su haɗu ba, amma ana dasa harsashi, ana dasa turke. Ji yadda take fita: "An dasa masaukin Java a kan m68k." Kuma an yi hakan da gaske. Gary Benson na kamfanin Red Hat ya rubuta wani nau'in masaukin Java mai suna Zero, wanda kusan babu harshen ƙwaƙwalwar wata na'ura a cikinsa, da harshen C++ aka rubuta shi. Shi ya sa dasa shi a wata ƙirar ke da sauƙi idan akwai abin juya C++. Yana da nawa ƙwarai, don tafinta kawai yake da shi, ba ya haddace aikin da aka maimaita ya mayar da shi umarnin na'ura kai tsaye. Amma da shi Java ke tashi a kan m68k da Alpha, wata tsohuwar ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Inda dashen bai samu ba kuwa, an ga abin da ya biyo baya a Fabrairun 2021. Wani ƙunshin Python mai suna cryptography, wanda manhajoji masu yawa suka jingina da shi, ya fitar da siga ta 3.4 yana buƙatar harshen Rust. Rust kuwa da wani abin juya manhaja mai suna LLVM yake fitar da umarnin na'ura, LLVM kuma bai san Alpha ba, bai san ƙirar PA-RISC ba. Masu amfani da Gentoo, shi ma nau'in Linux ne, a kan waɗannan na'urori suka wayi gari Python nasu na aiki amma ƙunshin ya fi ƙarfinsu. Masu m68k sun yi sa'a, a cikin shekarar aka karɓi ƙirarsu a LLVM a matsayin gwaji. Abin yana taɓa ni ne don yawancin kwamfutocin da ke isowa hannun yaranmu na hannu ne, kuma kowace shekara akwai masaukin da ke rufe ƙofa ga tsohuwar ƙira. Idan ba mu da kalmar faɗin abin da ya rufe, yaro zai ɗauka shi ne bai iya ba, ko kwamfutar ce ta mutu, a jefar da ita tana da rai.

Malamar Hausa: To rubuta su, kada su bi iska. Masaukin manhaja, jam'i masaukan manhaja. Dashe, a dasa, dasasshe. Ma'anar lokaci kuma "ana cikin aiki". Mai kwashe abin da aka gama da shi ɗin nan, kada wani ya wahalar da mu, mai shara ne.

Mai tambaya: An rubuta, Malama. Ɗazu da la'asar na koma zauren na tarar da yarinyar. Na ce mata JavaScript baƙo ne, masaukinsa ba a dasa shi a irin wannan kwamfutar ba, amma masaukin Python yana nan. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To a ba mu Python ɗin, idan mun girma mu dasa ɗayan." Ta ja kujera ta zauna gaban allon.